Jadawalin da Na Liƙa a Bango

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar ina aka kwana kan maganata da Almustapha, ku yi haƙuri, yau sai kun fara jin abin kunyar da na tafka kafin mu iso gare shi. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan kashin ina gogewa, don duk yadda na juya shi ba na fitowa da kyau a ciki. Na gaji da juyawa. Zan faɗe shi yadda ya faru, mai zagi ya zaga.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Mufida, shekarata ashirin da huɗu, a Yelwa ta Yauri aka haife ni. Ina gama difloma a fannin kasuwanci Hajiya Lubabatu ta ɗauke ni aiki. Ita Hajiya a Abuja take zaune, amma tana da ɗan kamfani a nan kusa da bakin ruwa, inda ake yin bandar kifi a ɗaure a leda mai tambari a tura mata. Mata takwas ne ke aikin, biyar Musulmi, uku Kirista daga ƙauyukan Ngaski. Babu wadda ba ta girme ni ba a cikinsu, kuma ni aka ɗora a kansu. Gwajin wata uku aka ba ni, in na yi abin kirki a tabbatar da ni.

Ranar da aka miƙa min makulli, babu gidan da Innata ba ta leƙa ba a layinmu. Ta sa aka ɗinka min atamfa kala uku, riga da siket, ta haɗa min da mayafai masu shiga da su da baƙar jaka mai sarƙa. Ko ƙannena ta hana su kiran sunana, sai dai Anti Manaja. Ni kuwa kaina ya kumbura. Sai ku gan ni da takalmi mai tsini a tsakar wurin da babu komai sai toka da ɓawon kifi, ina fesa turare a mayafi duk bayan awa ɗaya don kada hayaƙi ya kama ni.

Wurin kashi biyu ne. Akwai rumfar wuta, rufin kwano, inda aka jera ganguna shida da raga a kai, a nan ake shimfiɗa tarwaɗa ana juyawa. Sai ɗakin ɗauri, mai fanka da injin liƙe leda. Kowa ya san rumfa ita ce wahalar, musamman da rana. Kifi kuma bai san hutu ba, kwana bakwai ake aiki.

Sati biyu na yi ina kallonsu, abin da na gani bai min ba. Babu takarda, babu tsari. Ranar Lahadi sai in nemi Goodness, ɗaya daga cikin Kiristocin nan, da 'yan uwanta biyu in rasa har azahar, Gwaggo Dudu, tsohuwar da ta haura sittin, ita ke tsaye a gindin ganga. Babu wadda ta nemi izinina, babu wadda ta yi ƙorafi. A zuciyata na ce ana cutar tsohuwa, kuma an raina ni. Na zauna da kwamfutata na zana jadawali mai kyau, layi layi, kowa kwana biyu a rumfa kwana biyu a ɗaki, babu zaɓe babu son kai. Na buga shi da kala, na sa aka rufe shi da roba, na liƙa a bango.

Na ɗauki hotonsa na tura wa Almustapha. Shi ne ke sayo mana kifi daga masunta a Wara ya kawo a motarsa a-kori-kura, a nan muka haɗu, kuma iyayensa sun riga sun sa rana za su zo gaisuwa gidanmu Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah. Na rubuta masa:

"Ka ga aikin masu ilimi."

Ya ɗan jima kafin ya amsa.

"Ya yi kyau, Manajata. Kin tambaye su?"

"In tambaye su me? Ni ce shugaba ko su?"

"Ke ce. Shi ya sa na ce ko kin tambaye su."

Na tura masa hoton fuska mai murguɗa baki na ajiye wayar. Almustapha haka yake, ba ya jan magana. In ya shigo da kifi sai ya bi matan nan ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su da sunan 'ya'yansu, ya tambayi ƙafar wannan, ya tambayi jarrabawar ɗan waccan. Ni a lokacin ɓata lokaci nake ganin abin.

Washegari Goodness ta same ni a ofis. Mace ce doguwa, ba ta da yawan magana, za ta kai talatin da biyar. Kowa a wurin Maman Elijah yake ce mata, ni kaɗai nake kiran sunanta gatsal. Ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu a zaninta.

"Manaja, takardar nan. Azumi ya kusa, kuma mu da Gwaggo akwai yadda muke..."

"Akwai yadda kuke yi da," na katse ta. "Yanzu akwai yadda ake yi. Nan wurin aiki ne, ba gidan biki ba."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ce, "To, Manaja." Ta fita. Kalma biyu da na bari ta ƙarasa da ba na nan ina rubuta muku wannan.

Azumi ya kama cikin tsananin zafi, irin wanda ko kwano kika taɓa sai ki janye hannu. Ni ina ofis, fanka na kaina. Kullum in za mu tashi da yamma sai in tarar da gorar zoɓo mai ƙanƙara an naɗe ta a tsumma an ajiye kusa da jakata, kowace mai azumi ma da tata. Na ɗauka Hajiya ce ta ba da umarni, ban taɓa tambaya ba. Gida nake kai wa mu sha ruwa da shi, Inna tana cewa ai manya haka ake yi musu.

Ranar takwas ga azumi na zagaya rumfa da misalin ƙarfe biyu, sai na ga Goodness a gindin ganga tana juya kifi, alhali jadawali ya ce tana ɗaki. Na leƙa ɗaki, ga Gwaggo Dudu zaune a ƙarƙashin fanka tana jera kifi a leda. Raina ya ɓaci. Ban ja ta gefe ba, a gaban kowa na ɗaga murya.

"Goodness, wa ya ba ki izinin barin wurinki?"

"Gwaggo na azumi, Manaja."

"Ni ma azumi nake. Jadawali bai ce ban da mai azumi ba."

Gwaggo Dudu ta fito tana gyara ɗaurin kallabi. "Ɗiyata, ki bari in gaya miki yadda abin yake."

"Gwaggo, da girmanki, kada ki sa baki. In kowa zai yi abin da ya ga dama, me ya sa aka kawo ni?"

Na shiga ofis na buga takardar gargaɗi, na sa Goodness ta sa hannu. Har hoton takardar na ɗauka na adana, ina jin daɗin kaina, wai na nuna musu ba a wasa da ni.

Washegari kowa ya tsaya inda takarda ta ce. Gwaggo Dudu a rumfa tun hantsi. Wajen ƙarfe biyu da rabi, Almustapha na sauke kifi, na ji ihu. Kafin in sa takalmina in fito, Goodness ta riga ta fice daga ɗakin ɗauri da gudu. Jiri ne ya ɗebi Gwaggo ta faɗi, damtsenta na dama ya kwanta a bakin ganga mai zafi. Goodness ce ta janye ta, ta sungume ta kamar yarinya ta sa a mota, sauran matan suka ɗuru a baya, Almustapha ya ja sai asibiti. Aka bar ni ni kaɗai a tsakar wurin da wuta shida, ni da ban san ko yadda ake rage itace ba. Kifin ganga shida ya zama gawayi ina kallo. A ɗaki kuma injin da Goodness ta bari a kunne da leda a bakinsa ya yi zafi har ya ƙone.

Da la'asar Hajiya ta kira. Na ɗauka.

"Mufida, me nake ji? Inji ya ƙone, kifi ya ƙone, an kai mutum asibiti? Laifin wa?"

'Yan uwa, a nan ne. Da na ce ban sani ba ma da sauƙi. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Hajiya, Goodness ce ta bar inji a kunne ta fita. Kuma ba yau ta fara barin wurin aikinta ba, ko jiya na ba ta takardar gargaɗi. Bari in turo miki."

"Ita Dudu fa?"

"Tsufa ne da azumi, Hajiya."

Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma duk maganar ƙarya ce. Na tura hoton. Ba a yi minti biyar ba saƙo ya shigo: "Ki sallame ta."

Da safe na faɗa mata. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, na ma shirya amsar da zan mayar. Goodness ba ta ba ni ko ɗaya ba. Ta ninke zanin aikinta, ta ɗauki kular abincinta, ta bi matan ta yi musu sallama. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta ce, "Itacen da aka kawo jiya ɗanye ne, a shanya shi kafin a sa." Ta fita. Da yamma na duba kusa da jakata, babu zoɓo. Na duba wurin sauran, su ma babu. Sai a lokacin na gane wadda ke tashi da asuba tana dafa wa masu azumi abin da ita ba za ta sha ba.

Saƙon Almustapha ya shigo kafin magariba, layi ɗaya: "Na kai Maman Elijah tasha, ta tafi ƙauye da yaranta." Bai ƙara komai ba.

Daga ranar matan suka zama abin da na roƙa. Jadawali suke bi ƙafa da ƙafa. In na ce a yi kaza, "To, Manaja." In na yi kuskure, "To, Manaja." Da, in kifi bai bushe ba wata za ta ce a ƙara masa wuta, yanzu sai in na tambaya, ni kuma ban san abin da zan tambaya ba. In na shigo rumfa hira ta mutu, in na fita ta tashi. Na daina sa takalmi mai tsini, don ƙararsa a cikin shirun nan tana ba ni kunya.

Sai da na yi kwana goma kafin na iya zuwa duba Gwaggo Dudu. Na sa dogon hijabi ruwan toka, na sayi lemu da kankana. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, hannun a naɗe da bandeji tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ta yi ta sa min albarka kamar wani abin arziki na yi mata.

"Likita ya ce ni da wuta sai dai kallo," in ji ta, tana dariya. "Shekara arba'in, ɗiyata. Awo, an gode Allah."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Gwaggo, ranar nan kin ce za ki gaya min yadda abin yake."

Ta gyara zama. "Ai ba wani abu ba na. Tun ba a yi kamfani ba, muna banda a bakin ruwa, gangata na kusa da ta Ramatu, uwar Goodness. Wani azumi ta gan ni ina layi a gindin wuta, ta ce, Dudu koma inuwa, ni ba azumi nike ba. Ta riƙe min wuta har Sallah. Ni kuma na ce to Lahadinki tawa ta, tafi cocinki. Shi ke nan. Ba mu rubuta ba, ba mu kira shaida ba. Sauran mata sunka gani sunka ɗauka, kowa da tata abokiyar wuta. Da Ramatu za ta rasu, ta kamo hannun ɗiyarta ta sa cikin nawa, ta ce ga mai riƙe miki azumi. Shekara goma sha tara ban tsaya gindin wuta da azumi ba sai bana."

Ban iya ɗaga ido ba. Tsohuwar da na ce ana cuta, ashe ni na cuce ta.

"Amma ina ita Goodness ɗin?" ta tambaya. "Tun asibiti ban sa ta a ido ba. In na tambayi matan nan sai su ce aiki ya yi mata yawa. Ki rage mata, ɗiyata, don Allah. Ita ɗaya ke riƙe da yaranta."

Sun ɓoye mata, don kada ciwon ya ƙaru. Ni kuma, Allah ya yafe min, na buɗe baki na ce, "To, Gwaggo." A hanyar gida hawaye ya jiƙa min gaban hijabi, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ya tambaya ko rasuwa aka yi.

Na sami Inna tana tankaɗen garin kunu, ga sabon leshina ruwan zuma da tela ya kawo an rataye a ƙofa, na ranar gaisuwa. Na zauna na faɗa mata komai, na ce zan gaya wa Hajiya gaskiya. Ta ajiye rariyar.

"Ke, kina da hankali? Jibi Hajiya na zuwa ta tabbatar da ke. Gwaggwannin yaron nan za su taso tun daga Wara su ga manaja, sai su tarar da korarriya? In ce wa mutanen layin ga mi?"

"Inna, an kori mace saboda ni."

"Ke kinka kore ta? Hajiya ta kore ta. Kuma ba ita ta bar inji ba? Ki yi istigfari, ki aika mata da ɗan abu in an kwana biyu. Ki rufa mana asiri, Mufida. Ubanki ya riga ya gaya wa 'yan uwansa."

Ban ga laifin Inna ba. Duk abin da ta faɗa, ni na fara faɗa wa kaina shi tun kwana goma da suka wuce.

Ranar Juma'a bayan la'asar Almustapha ya zo zaure. Farar shadda ce a jikinsa, hularsa a hannu yana juya ta. Rabon da mu yi hira ta kirki tun ranar da Gwaggo ta ƙone. Muka gaisa kamar baƙi.

"Za ka faɗa wa Hajiya?" na tambaye shi kai tsaye.

"A'a. Ba maganata ba ce."

"To ka fasa ne? Ka faɗa min tun yanzu."

"Ban fasa ba. Iyayena za su zo ranar da aka ce." Ya ɗora hular a gwiwa. "Mufida, ban taɓa son ki don makulli ba, kuskuren jadawali kuma kowa zai iya yi. Abu ɗaya ne ke hana ni sukuni. Nan gaba in wani abu ya ƙone a gidanmu, wa za ki nuna?"

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Na ja mayafi na rufe fuskata, shi kuma ya yi min sallama a hankali ya tafi.

Ranar Asabar Hajiya ta iso da atamfofin Sallah na ma'aikata. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban ofis, matan suka zauna. Ta yi jawabi, ta ce ta ga jadawali a bango, ta ce wannan shi ne aikin zamani, ta ce yarinya ƙarama ta nuna ba ta tsoron hukunta mai laifi. Matan nan ko wadda ta motsa babu, idonsu na ƙasa. Ta zaro takarda daga jaka ta miƙo min.

"Daga yau ke ce manaja ta dindindin."

Na miƙe. Ƙafafuna ba su kai ni wurin Hajiya ba, bango suka kai ni. Na kama jadawalin na ɓamɓaro shi, gam ɗin ya taho da fenti. Na ce:

"Hajiya, wannan takardar ce ta ƙona Gwaggo Dudu, kuma ni na rubuta ta ban tambayi kowa ba. Maman Elijah ta zo ta yi min bayani na hana ta magana. Gargaɗin da na ba ta, don ta karɓi tsohuwa mai azumi a gindin wuta ne. Injin da ta bari, rai ta tafi ceto. Na san duk wannan lokacin da kika tambaye ni laifin wa, na nuna ta don in tsira da kujerata."

Na juya wurin matan na durƙusa a kan toka da atamfata. Na ce su yafe min. Na ji wata daga baya tana jan hanci.

Hajiya ta daɗe tana kallona. Ta mayar da takardar cikin jaka ta ja zif.

"Ajiye makullin a kan tebur," ta ce. "Kin sa na zalunci baiwar Allah da bakina. Ni ba zan kira ta a waya ba, ke za ki je har inda take. In ta dawo, ma yi maganar abin da za ki iya yi a wurin nan. In ba ta dawo ba, ke ma kada ki dawo."

Inna ba ta yi min magana ba ranar, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Almustapha na tura wa saƙo: "Na ajiye makulli." Ya amsa: "In kai ki?" Na ce a'a, ni na ɓata, ni zan je.

Ranar ashirin da takwas ga azumi na hau motar Wara da sassafe, daga can na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen su Maman Elijah, hanya duk duwatsu. Silifas na sa da tsohon hijabi. Rana ta take lokacin da aka nuna min gidan. Na same ta a bayan rumbu tana sussukar dawa, zufa na bin wuyanta. Ta ɗago ta gan ni, taɓaryar ta tsaya a sama, sannan ta sauke ta a hankali.

"Manaja."

"Ba manaja ba ce yanzu, Maman Elijah. Mufida ce."

Ta dubi leɓɓana da suka bushe. Ta jawo kujera 'yar tsugune ta tura ta gindin mangwaro. "Azumi kike. Shiga inuwa."

Wannan ya ƙarasa ni. Ban zauna a kujerar ba, ƙasa na zube na faɗa mata duk abin da na gaya wa Hajiya a waya, da abin da na faɗa a gaban mata, da saƙon Hajiya. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ni ban yi mata ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

"Yaya hannun Gwaggo?"

"Yana warkewa. Amma likita ya ce ba za ta ƙara tsayawa a wuta ba."

Ta juya baya ta goge ido da bakin zani. Da ta juyo, fuskarta a daidai take.

"Ina son aikina, yarana makaranta suke. Amma kin san abin da kika karya? Kowa a wurin nan da abokiyar wutarta. Tawa Gwaggo ce, Mamana ta bar min ita. Yanzu babu. In na koma, ran Asabar bayan Sallah za a kunna wuta, washegari Lahadi. Ni ba na fasa coci. Wa zai riƙe min wuta?"

"Ni," na ce.

Ta kalli hannayena, masu laushi, da zoben azurfa a yatsa. "Ba ki iya ba."

"Ki koya min ran Asabar. Ba Lahadi ɗaya nake nufi ba, duk Lahadinki tawa ce, in kin yarda da ni."

Ta miƙo hannunta mai kaushi ta kama nawa ta ɗaga ni tsaye.

"Ƙarfe bakwai na safe har azahar," ta ce. "Wannan Lahadin da ke zuwa bayan Sallah. In na dawo daga coci na tarar da wata a gindin gangata ba ke ba, ko da uzuri, zan ɗauki kulata in dawo nan. Ba za ki sake ganina ba."

Na ce na yarda, kuma har zuciyata na yarda.

Sai da na zauna a motar komawa Yelwa wayata ta kama sabis, saƙo ya shigo daga Inna, na farko tun ranar Asabar. Muryarta ce, a daƙile:

"Ke, gwaggwannin Almustapha sun aiko. Ƙarfe tara na safe za su iso ran Lahadi, ke suke son gani kafin maza su zauna. Na kira mai lalle ran Asabar. Kin zubar da aiki, kada ki kuskura ki zubar min da wannan."

Na saurara sau biyu. Na dubi hannuna na dama, inda ƙaiƙayin dawa daga tafin Maman Elijah ya manne bai fita ba. Na buɗe sunan Almustapha na rubuta: "Ran Lahadi ƙarfe tara ina gindin ganga, ba zan iya tashi ba sai azahar. In gwaggwanninka na son ganina, a can za su same ni cikin hayaƙi." Na tura kafin tsoro ya hana ni.

Alamar ya karanta ta fito nan take. A saman allo aka nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Muna kaiwa kwanar dutse sabis ya ɗauke.